Bayan Tallafi Ya Yanke: Tarihin Shirin Daga Makaranta Zuwa Aiki a Jihohin Amurka

A ranar 4 ga Mayun 1994 shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya sa hannu a kan wata doka da za a iya kira Dokar Buɗe Hanya Daga Makaranta Zuwa Aiki, wadda manufarta ita ce a haɗa karatun sakandare da koyon aiki a masana'antu da asibitoci da bankuna da ofisoshi, domin kada matashi ya kammala makaranta ya fito bai san inda zai dosa ba. Dokar ta sha bamban da akasarin dokokin ilimi na tarayyar ƙasar ta fuska guda, wato tun daga farko aka rubuta ranar ƙarewarta a cikinta, aka ce za ta daina aiki ranar 1 ga Oktoban 2001, kuma aka bayyana cewa kuɗin da za a bayar ƙarƙashinta jarin somi ne kurum, wanda jihohi za su kafa tsari da shi, daga nan kuma su ci gaba da riƙe tsarin daga aljihunsu. A cikin waɗannan shekaru bakwai gwamnatin tarayya ta kashe kimanin dala biliyan 1.85, kuma babu jihar da ba ta karɓi rabonta ba cikin jihohin 50. Da kuɗin ya yanke, wasu jihohin sun riƙe shirin, wasu sun sauya masa suna da gida, wasu kuma sun bar shi ya watse, kuma tarihin wannan rarrabuwa yana nuna inda zaton masu rubuta dokar ya yi daidai da inda ya kauce.

Damuwar da ta haifi dokar ta samo asali ne daga shekarun 1980, lokacin da masana'antun Amurka suka yi ta rufewa ko rage ma'aikata, albashin matasan da karatunsu ya tsaya a sakandare ya yi ƙasa, gasar Japan da Jamus kuma ta tsorata masu tsara manufofi. A 1988 wani kwamiti na Gidauniyar William T. Grant ya fitar da rahoto a kan waɗanda ya kira rabin da aka manta, yana nufin kusan rabin matasan ƙasar da ba sa zuwa jami'a, waɗanda ƙasar ke kashe wa kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da abin da take kashe wa masu neman digiri. Bayan shekara biyu wani kwamitin da Ira Magaziner ya jagoranta, ƙarƙashin cibiyar nazarin ilimi da tattalin arziki da Marc Tucker ya kafa, ya fitar da nasa rahoton, inda ya ce zaɓi biyu ne a gaban ƙasar, ko ƙwarewa mai zurfi ko albashi maras tsoka. Abin da rahotannin suka haɗu a kai shi ne cewa matashin Amurka da ya bar sakandare yakan shafe shekaru yana yawo daga ƙaramin aiki zuwa wani, ba tare da koyon abin da zai riƙe shi ba, har sai ya doshi shekara talatin kafin manyan kamfanoni su yarda su ɗauke shi aiki na dindindin.

Idon masu neman gyara ya karkata ga Jamus, inda tsarin koyon sana'a mai ƙafa biyu ya daɗe da kafuwa. A can matashi kan ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya riƙa zuwa wurin aiki kwana uku ko huɗu a mako, ya je makarantar sana'a sauran kwana ɗaya ko biyu, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, yana karɓar alawus daga kamfanin, a ƙarshe ya rubuta jarrabawar da za ta ba shi takardar shaidar da kowane mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar ya sani. Tawagogin gwamnoni da 'yan majalisa da 'yan kasuwa sun yi ta zuwa ganin wannan tsari, littafin Stephen Hamilton na Jami'ar Cornell da ya fito a 1990 kuma ya ƙara yaɗa shi a tsakanin masana. Sai dai abin da ke riƙe da tsarin Jamus ba ya fitowa fili a ziyarar 'yan kwanaki. Akwai majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu waɗanda doka ta tilasta wa kamfanoni shiga, su ne ke rajistar yarjejeniyoyi da shirya jarrabawa; akwai ƙungiyoyin ƙwadago da ke zama da masu kamfanoni a tsara abin da za a koyar; akwai kuma dokar tarayya ta 1969 da ta fayyace haƙƙin kowane ɓangare. Amurka ba ta da irin waɗannan majalisu na dole, koyon sana'a mai rajista da take da shi tun dokar 1937 ya fi yawa a aikin gine-gine kuma manya ne ke shigarsa, ilimin sana'a na sakandare kuwa, wanda dokar Smith-Hughes ta 1917 ta ware masa kuɗi da azuzuwa dabam, ya yi ƙaurin suna a matsayin wurin da ake tura 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da aka yanke ƙauna da karatunsu.

Tun kafin gwamnatin tarayya ta motsa wasu jihohi sun riga sun fara gwada nasu, kuma wannan rigaye ya yi tasiri daga baya fiye da yadda aka zata a lokacin. Wisconsin ta kafa shirin koyon sana'a na matasa da doka a 1991 zamanin Gwamna Tommy Thompson, Oregon ta zartar da babbar dokar gyaran ilimi a shekarar, Arkansas ta yi nata gwajin lokacin Clinton yana gwamnanta, Jojiya da Maine suka biyo baya a 1992. A birnin Boston kuwa akwai yarjejeniya tun 1982 tsakanin makarantun gwamnati da 'yan kasuwar birnin, wadda a kanta aka gina shirin ProTech a 1991 domin sanya ɗaliban sakandare aiki a manyan asibitocin birnin. Da aka zo rabon tallafin aiwatarwa na farko a 1994, jihohi takwas ne suka samu: Kentucky da Maine da Massachusetts da Michigan da New Jersey da New York da Oregon da Wisconsin.

Dokar ta 1994 ta ɗora alhakin gudanarwa a kan ma'aikatu biyu tare, ta Ilimi ƙarƙashin Richard Riley da ta Ƙwadago ƙarƙashin Robert Reich, aka kafa wani ƙaramin ofishi na haɗin gwiwa a Washington. Ta buƙaci kowane shiri ya ƙunshi abu uku: karatu a makaranta wanda ya haɗa darussan boko da na sana'a a wani fannin aiki, koyo a wurin aiki ƙarƙashin kulawar wani gogaggen ma'aikaci, da kuma ayyukan haɗawa, wato duk ɗawainiyar nemo wa ɗalibi gurbi, da daidaita abin da yake koya a aji da abin da yake yi a kamfani, da bin sawunsa. Kowace jiha ta sami tallafi na wa'adin da bai wuce shekara biyar ba, mai raguwa a shekarun ƙarshe, kuma an wajabta mata miƙa kashi 70 cikin ɗari a shekarar farko, 80 a ta biyu, 90 daga ta uku, ga ƙawancen yankuna, waɗanda suka haɗa makarantu da masu kamfanoni da kwalejoji da wakilan ma'aikata. An haramta biyan albashin ɗalibai daga wannan kuɗi. Akwai sassauci biyu da aka yi a majalisa waɗanda suka sauya yanayin shirin baki ɗaya: an janye sharaɗin cewa dole aikin da ɗalibi zai yi ya zama na biya, aka bar shi a matsayin abin da aka fi so, sannan aka nanata cewa shirin na dukan ɗalibai ne, har da masu shirin zuwa jami'a, domin a kauce wa tabon da ke jikin ilimin sana'a. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakonta shi ne kuɗin da da zai ishi gina shiri mai zurfi ga 'yan dubbai ya bazu a kan miliyoyi.

Girman kuɗin ma yana buƙatar a auna shi da ma'aunin da ya dace. A Amurka jihohi da gundumomin ilimi ne ke ɗaukar nauyin makarantu, gundumomin kuma sun dogara ƙwarai da harajin gidaje da filaye, rabon gwamnatin tarayya a wancan zamani bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Ƙasar na kashe sama da dala biliyan 300 a shekara kan firamare da sakandare a ƙarshen shekarun 1990, alhali kasafin wannan shiri ya fara da dala miliyan 100 a 1994, ya kai ƙololuwarsa ta miliyan 400 a 1997 da 1998, ya sauko zuwa miliyan 250 a 1999 da miliyan 110 a 2000. Da irin wannan kuɗi ana iya ɗaukar jami'ai, a horar da malamai, a buga littattafan jagora, a yi taruka, amma ba a iya tilasta wa shugaban makaranta ya sauya jadawalin darussa, ko a sa jami'a ta karɓi aikin da ɗalibi ya yi a kamfani a matsayin shaidar cancanta.

Kamfanin bincike na Mathematica, wanda aka ba kwangilar tantance shirin, ya gano cewa an kafa ƙawance sama da dubu a faɗin ƙasar, amma abin da ya fi yaɗuwa shi ne ayyuka masu sauƙi da araha, irin su ranar baje kolin sana'o'i, da gayyato ma'aikaci ya yi wa aji jawabi, da abin da ake kira bin inuwar ma'aikaci, wato ɗalibi ya yini yana biye da wani ma'aikaci yana kallon yadda yake gudanar da aikinsa. Daga 1998 har rana ta musamman aka ware wa wannan a farkon Fabrairu a duk ƙasar. Ɗaliban ajin ƙarshe da suka haɗa dukan ɓangarorin uku da doka ta zayyana kuwa ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba a jihohin da aka bincika. Dalilin a bayyane yake, domin jami'in da aka ba shekara biyar, aka kuma ce za a auna shi da yawan ɗaliban da shirin ya taɓa, ya fi masa sauƙi ya cika mota da yara ya kai su ziyara masana'anta da ya shafe watanni yana lallashin kamfani guda ya ɗauki yara biyar aiki na shekara biyu.

A gefe guda siyasa ta juya wa shirin baya tun yana jariri. Watanni shida bayan sa hannu jam'iyyar Republican ta karɓe majalisun tarayya biyu a zaɓen Nuwamban 1994, masu ra'ayin riƙau kuma, musamman Phyllis Schlafly da ƙungiyarta ta Eagle Forum, suka shiga yaƙi da shirin, suna cewa dabara ce ta gwamnatin tarayya ta zaɓar wa yara sana'a tun suna ƙanana ta mayar da makarantu wurin samar wa kamfanoni leburori. Wata doguwar wasiƙa da Marc Tucker ya rubuta wa Hillary Clinton, matar Bill Clinton, a Nuwamban 1992, inda ya zayyana tsarin horar da ma'aikata na ƙasa baki ɗaya, ta zama hujjarsu, har wani ɗan majalisa ya shigar da ita cikin kundin zaman majalisa a 1998. Zargin ya wuce gona da iri idan aka dubi yadda dokar ta bar wa jihohi kusan komai, amma ya dace da wani tsoro na gaske da ke zukatan iyaye na kowane ɓangare, wato kada a karkatar da ɗansu daga hanyar jami'a. Jihohi da dama suka cire kalmar aiki daga sunan shirin suka sa kalmar da ke nuna sana'ar rayuwa, gwamnatin Clinton kanta kuma ba ta nemi a sabunta dokar ba.

Inda matsalar ɗorewa ta fi fitowa fili shi ne a ɓangare na uku, na ayyukan haɗawa, domin makaranta tana da kasafinta na malamai, kamfani yana da nasa na albashi, amma mutumin da ke tsakani ba ya cikin lissafin kowa. Aikin wannan jami'i ya ƙunshi kiran masu kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, da yi musu bayanin abin da dokar ƙwadago ta yarda ɗan shekara 16 ya taɓa da injinan da ta hana shi, da warware maganar inshora idan yaro ya ji rauni, da koya wa ɗalibi yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa tambayoyi a ganawa, da daidaita jadawali don ya bar makaranta da tsakar rana ba tare da ya rasa darasin lissafi ba, da nemo masa motar da za ta kai shi. Idan yaron ya makara sau biyu, wannan jami'i ne mai kula da shi a wurin aiki zai kira, kuma yadda ya bi da wannan kira ne zai sa kamfanin ya sake karɓar wani yaro baɗi ko ya rufe ƙofa. Aikinsa ya yi kama da na dillali a kasuwa, wanda ya san mai kaya ya san mai saye kuma kowannensu ya amince da shi, sai dai dillali yana cin la'adarsa daga cinikin da ya ƙulla, shi kuwa wannan babu wanda ke cire masa komai, albashinsa daga tallafin tarayya yake fitowa. Da tallafin ya ƙare, a wurare da yawa an mayar da shi aji ko ya nemi wani aikin, amincin da ya gina da masu kamfanoni cikin shekaru kuma ya tafi tare da shi, tunda ba abu ne da ake barin sa a fayil ba.

Lokacin da wa'adin ya cika ya zo da rashin sa'a ta fuska biyu. Tattalin arzikin Amurka ya shiga koma-baya a 2001, kuɗin shigar jihohi ya faɗi, kuma da yake kusan dukansu doka ta hana su kasafin da kashewa ya zarce shiga, shekarun 2002 da 2003 sun zama na zaftare duk abin da ba dole ba. Kamfanonin da suka riƙa neman matasa ido rufe lokacin ƙarancin ma'aikata na ƙarshen shekarun 1990 su ma suka ja baya. Sannan a ranar 8 ga Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar ilimi mai taken kada a bar kowane yaro a baya, wadda ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas da kuma sau ɗaya a babbar sakandare, ta kuma tanadi hukunci ga makarantar da ta kasa. Shugaban makaranta da ake auna shi da makin jarrabawa ba shi da dalilin sakin ɗalibansa rabin yini su tafi wurin aiki.

Massachusetts ce ta fi fuskantar matsalar jami'in tsakani kai tsaye, kuma ta yi hakan ne tun kuɗin tarayya bai ƙare ba. Daga wajen 1998 majalisar jihar ta buɗe layi na musamman a kasafinta na shekara-shekara domin ayyukan haɗawa kaɗai, ana bi da kuɗin ta hannun hukumomin samar da aiki na yankuna 16 na jihar, waɗanda ke ɗaukar jami'an da ke zama a makarantu suna nemo wa ɗalibai gurabe. Hikimar da ke cikin tsarin ita ce sharaɗin da aka gindaya, cewa kowace dala ɗaya ta jiha sai an nuna dala biyu na albashin da kamfanoni masu zaman kansu suka biya ɗalibai. Wannan sharaɗi ya mayar da hankalin jami'ai ga aiki na gaske mai biya, ya kuma ba 'yan majalisa adadin da za su iya kare layin da shi duk shekara. An rage kuɗin a shekarun matsi, an ƙara shi a na yalwa, amma layin bai ɓace daga kasafin ba, kuma kasancewar Boston tana da majalisar 'yan kasuwa da ta saba da wannan aiki tun shekarun 1980 ya sa akwai masu faɗa a ji da ke tashi tsaye duk lokacin da aka yi yunƙurin soke shi.

Wisconsin ta bi wata hanyar, kuma tarihinta ya taimake ta, domin ita ce jihar farko da ta yi dokar koyon sana'a mai rajista a Amurka, a 1911, a shekarar da ta kafa tsarin makarantun sana'a da daga baya suka zama kwalejojin fasaharta. Shirinta na matasa ya fara a 1992 da 'yan ɗalibai kaɗan a sana'ar ɗab'i, kuma tun farko an yi shi ƙarami mai tsauri: ɗalibin aji 11 ko 12 yana yin awa 450 na aiki mai biya a shekara, ko awa 900 a shekara biyu, tare da darussan da suka dace da aikin, yana cika jerin ƙwarewar da masu sana'ar suka tsara, a ƙarshe jiha ta ba shi takardar shaida. An ajiye shirin a ma'aikatar ƙwadago ta jihar, an rubuta shi a kundin dokokinta, jiha na ba ƙawancen yankuna wani adadi a kan kowane ɗalibi, su kuma su kawo rabin wannan adadi daga nasu ɓangaren. Kuɗin tarayya ya faɗaɗa shirin ne kawai, bai haife shi ba, shi ya sa da ya tafi, har ma da aka zaftare kason jihar sosai a farkon shekarun 2000, shirin ya ƙanƙance amma bai mutu ba. Gwamnonin jam'iyyun biyu sun ci gaba da riƙe shi, kuma a zangon karatu na 2022 zuwa 2023 yawan ɗalibansa ya haura 8,000.

Oregon, wadda a farkon shekarun 1990 ake nuna ta a matsayin abin koyi, ta nuna cewa rubuta abu a doka kaɗai ba ya wadatarwa. Dokarta ta 1991 ta ƙirƙiro takardun shaida biyu, ɗaya ta ƙwarewar farko da ɗalibi zai samu wajen aji 10, ɗaya ta ƙwarewa mai zurfi da za ta haɗa karatunsa na shekaru biyun ƙarshe da wani fannin aiki. Amma ba a sa takardun cikin sharuɗɗan kammala sakandare ba, jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata ba su damu da tambayarsu ba, ƙuri'ar jama'a ta 1990 da ta taƙaita harajin gidaje kuma ta riga ta matse kuɗin makarantu. An yi ta ɗage ranar fara aiki da ta biyun, har majalisar jihar ta soke su duka a 2007. Bambancin da ke tsakaninta da Wisconsin shi ne takardar Wisconsin tana da kamfanonin da suka zuba kuɗinsu a cikinta suna kuma ɗaukar masu riƙe da ita aiki, ta Oregon kuwa ba ta da mai nema.

A yawancin sauran jihohi abin da ya faru shi ne ƙaura. Wasu ayyukan sun koma ƙarƙashin dokar Carl Perkins, wadda ke ba ilimin sana'a tallafin tarayya na dindindin tun 1984, aka kuma sabunta ta a 1998 da 2006 da 2018, kowane sabuntawa yana ɗaukar wani abu daga tunanin 1994, musamman haɗa darussan boko da na sana'a da jera karatu daga sakandare zuwa kwalejin shekara biyu. Wasu ƙawancen sun narke cikin majalisun matasa da dokar horar da ma'aikata ta 1998 ta kafa, ko da yake kuɗin da wannan doka ta ware wa matasa kusan dukansa na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, abin da ya mayar da shirin ga ware ɗalibai da aka so kauce wa. Rukunonin sana'o'i 16 da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tsara a ƙarshen shekarun 1990, wato rarraba dukan ayyukan ƙasa zuwa manyan fannoni kamar lafiya da noma da ƙere-ƙere, sun koma hannun ƙungiyar daraktocin ilimin sana'a na jihohi, suka zama tushen manhaja a kusan ko'ina. South Carolina ta gina dokarta ta 2005 a kansu, inda ta wajabta wa kowane ɗalibi tsarin karatu na kansa da ya danganci fannin da ya zaɓa, ta kuma ƙara masu ba da shawara a makarantu da kuɗin jiha.

Wani abin da ya tsira shi ne makarantun sana'a na cikin makaranta, wato ƙaramin rukuni na ɗalibai da malamai da ke tafiya tare shekara uku ko huɗu a kan jigo guda kamar harkar kuɗi ko lafiya, tare da kamfanonin da ke ba su aikin hutu. Wannan tsari ya girmi dokar, domin a Philadelphia aka fara shi a 1969, Kalifoniya kuma ta fara ba shi kuɗin jiha a tsakiyar shekarun 1980. A kansa ne aka sami hujja mafi ƙarfi da fannin ya taɓa samu. Cibiyar bincike ta MDRC ta fara bin ɗalibai kimanin 1,400 a makarantu tara daga 1993, waɗanda aka raba ta hanyar ƙuri'a tsakanin masu shiga da waɗanda ba su samu ba, domin kada bambancin himma ya gurɓata sakamako. Rahoton cibiyar na 2008, wanda James Kemple ya rubuta, ya nuna cewa a cikin shekaru takwas bayan sakandare waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kashi 11 cikin ɗari, samari maza kuma da kashi 17, ba tare da zuwansu jami'a ya ragu ba, wanda shi ne ainihin abin da iyaye ke tsoro. Sai dai wannan hujja ta iso shekara bakwai bayan dokar ta daina aiki.

A nan ne raunin tunanin jarin somi ya bayyana. Mai zuba jari a sabon kamfani yana sa ran kamfanin zai fara ciniki ya riƙe kansa, amma ribar wannan shiri tana zuwa ne a makare, ta kuma rarrabu tsakanin matashin da albashinsa ya ƙaru, da kamfanin da wataƙila ba shi ne ya horar da shi ba, da baitulmalin da zai karɓi haraji bayan shekara goma, alhali kuɗin gudanarwa ana neman sa ne kowace shekara daga kasafin da 'yan majalisa ke faɗa a kansa. Ba adalci ba ne a ce dokar ta gaza, domin ta horar da dubban malamai da jami'ai, ta kuma sa maganar koyo a wurin aiki ta zama sananniya a makarantun da ba su taɓa jin ta ba. Amma masu rubuta ta sun ɗauka cewa shekara biyar sun isa a gina abin da Jamus ta gada daga ƙungiyoyin masu sana'a na ƙarnoni, kuma sun bar tambayar wanda zai biya jami'in tsakani ga jihohi su amsa a lokacin da suka fi kowane lokaci rashin kuɗi.

Bayan shekara goma maganar ta dawo da sabon suna. Rahoton da Makarantar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Harvard ta fitar a 2011 kan hanyoyin samun wadata ya sake nuna cewa yawancin matasan Amurka ba sa kammala digiri, ya sake nuni ga Turai, jihohi kuma suka shiga kafa abin da suke kira hanyoyin sana'a. A 2016 Colorado, zamanin Gwamna John Hickenlooper, ta kafa CareerWise bisa koyi da tsarin Siwizalan, a matsayin ƙungiya mai zaman kanta da aikinta kawai shi ne tsayawa tsakanin makarantu da kamfanoni, kuma da kuɗin gidauniyoyi ta fara. Kalifoniya ta maimaita dabarar 1994 da kanta, inda ta raba dala miliyan 500 a zagaye biyu daga kasafin 2013 da na 2014 a matsayin tallafi na lokaci guda ga ƙawancen makarantu da kwalejoji da kamfanoni, ta bi shi da wani tallafin na shekara uku daga 2015. Da wa'adin wannan ma ya zo ƙarewa, gundumomin ilimi suka koka cewa shirye-shiryen za su rushe, sai majalisar jihar ta mayar da shi layi na dindindin a kasafin 2018, a kan dala miliyan 150 kowace shekara a lokacin.